Ko a Tatsuniya, Tsafi da Sharaɗinsa

Akwai wani shagon ɗinki a layinmu, nan Tudun Wadan Zariya, inda ba a kunna waƙa. Mai shagon ya fi son a sa masa karatun littafin yaƙi daga waya, a jona ta da 'yar lasifika, keke na aiki kunne na sauraro. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki aka ce masa saura maɓalli, sai ya samu benci ya zauna, shi ma ya shiga sahu. Wata rana da la'asar sakaliya labari ya kai inda sadauki ya faɗa hannun wani boka mai shekara dubu a duniya. An ɗaure shi da sarƙar tsafi, takobinsa ya karye, dokinsa ya mutu, aljanu sun tare bakin kogo. Tela har ya ɗage ƙafa daga kan keke. Sai muka ji mai karatu ya ce wai nan take sadauki ya tuna da wani zobe da kakarsa ta ba shi tun yana yaro, ya murza shi, sai ga shi a fadar ubansa.

Tela ya ja dogon tsaki. "Kai, wannan ƙarya ce! Yaushe aka ba shi zobe? Tun littafi na ɗaya muke tare da yaron nan, ba a taɓa ambaton kakarsa ba."

Wani dattijo da ke jiran babbar rigarsa ya yi dariya. "Haba ɗana, dama sauran gaskiya ne? Ka yarda da boka mai shekara dubu, ka yarda da doki mai fiffike, sai ɗan zobe ne ya tsone maka ido?"

Yaron shago, wanda ke karatun kimiyya a Samaru yana taya ɗinki lokacin hutu, ya sa baki. "Baba, ai shi ya sa na fi son na Turawa. Su tsafinsu da lissafi yake tafiya, tamkar kimiyya. Namu kuwa duk abin da marubuci ya ga dama."

Wannan gardama ba ta shagon ɗinki ba ce kawai. Ana yin ta a gidan kallo idan bokan fim ya ɓace ɓat, ana yin ta a majalisar mai shayi, ana yin ta a zaurukan WhatsApp na masu karatun littattafai. Ni dai ina bayan tela. Dattijo bai yi daidai ba, ɗalibi ma bai yi daidai ba, amma kuskuren nasu ba iri ɗaya ba ne.

1. Ƙarya ma tana da ƙa'ida

Maganar dattijo ita ce ta fi yawa a bakin mutane: tunda duka ƙirƙira ce, me ya rage a yi wa hisabi? Abin da wannan magana ta manta shi ne, mai sauraro bai zauna a bencin nan don yana zaton da gaske akwai doki mai fiffike ba. Ya zauna ne don an ƙulla wani alƙawari da shi. Marubuci ya ce masa, ga duniyar da zan kai ka, ga abin da ke yiwuwa a cikinta, ga abin da ba ya yiwuwa, zo mu ga yadda yaron nan zai fita. Mai sauraro ya amince, ya ba da lokacinsa da faɗuwar gabansa. Dokin mai fiffike yana cikin alƙawarin tun farko. Zoben ba ya ciki.

Wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana kallon dara ya san abin da nake nufi. Kowa ya san 'ya'yan dara tsinke ne da tsakuwa, ba dukiyar kowa ba. Amma bari ɗaya ya ga an kusa cinye shi, ya zura hannu aljihu ya ƙaro 'ya'ya uku, ka ga yadda wuri zai hargitse. Ba wanda zai ce ai dama wasa ne. Don wasa ne ma ya sa ƙa'ida ta zama komai, domin in an cire ta babu abin da ya saura.

Abin da zoben nan ya ɓata ba wannan babi ɗaya ba ne. Ya koma baya ya ɓata duk tsoron da aka ji tun farkon littafi, tunda ashe yaron bai taɓa shiga haɗari ba. Ya kuma ɓata na gaba, domin gobe ko an jefa shi a bakin dodo ba wanda gabansa zai faɗi, an san akwai wata kakar a ɓoye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In zobe zai yi ceto a babi na talatin, a ba mu shi a babi na uku, a gaya mana sau nawa yake aiki da abin da yake ci.

2. Wannan ba koyarwar Turawa ba ce

Kuskuren ɗalibi na farko shi ne zaton da ya yi cewa sanya wa tsafi iyaka fasaha ce da ta zo daga Turai. Ya koma ɗakin kakarsa ya saurara.

Ɗauki tatsuniyar Ta-kitse. Yarinya ce da ta samu daga kitsen sa, kyakkyawa ta ƙin ƙarawa, har sarki ya aure ta. Tun kafin a kai ta gidan miji an faɗi sharaɗi: kada ta shiga rana, kada ta kusanci wuta. Daga wannan lokaci yaro ɗan shekara biyar ma ya san inda hatsari yake. Da sarki ya yi tafiya kishiyoyi suka tasa ta gaba sai ta fito aiki, yara kan fara matsowa jikin mai ba da tatsuniya tun ba a kai wurin narkewar ba. Duk daɗin labarin a kan wannan sharaɗi ɗaya ya rataya. Cire shi ka gani, sai a bar ka da kyakkyawar mace a gidan sarki, ba abin da zai faru.

Ko tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ta riga littafin nan mai wannan suna. 'Yar bora ta tafi wankin ƙirgi, ta gamu da abubuwan al'ajabi a hanya ta gaishe su da ladabi ba ta yi musu dariya ba, ta cuɗa wa tsohuwa baya, aka ba ta ƙwai aka gaya mata wanda za ta ɗauka da inda za ta fasa shi. Ta bi, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi hanya ɗaya, ta gamu da abubuwa iri ɗaya, ta karya kowane sharaɗi, ta dawo da tsiya. An ma maimaita tafiyar sau biyu don mai sauraro ya tabbata dokar ba ta canza ba. Tarihin Daura ma da ake ba mu tun muna firamare haka yake: macijin rijiyar Kusugu ba kullum yake hana ruwa ba, yana bari a ɗiba ranar Juma'a, kuma Bayajidda bai kashe shi da hura iska ba, sai da maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa.

Bar tatsuniya, zo ga abin da mutane suka yi imani da shi a zahiri, ko da malamai sun sha yin wa'azi a kai. Ban taɓa jin Bahaushe ya ba da labarin asiri ba tare da makarinsa ba. Layar zana, baduhu, sagau, kau-da-bara, shashatau, kowanne aikinsa ɗaya ne, ba ya shiga hurumin ɗan'uwansa. Mai maganin ƙarfe ba ya da'awar tashi sama. 'Yan taurin da ke gaban ayari ranar hawan salla suna goga wuƙa a ciki, in ka zauna da su za su gaya maka akwai abin da aka hana su ci, akwai abin da in suka aikata magani ya karye. A bori ma kowane iska da kiɗansa da launin dabbar da yake so. Abin da ake yi wa Ɗan Galadima ba shi ake yi wa Inna ba, na Sarkin Rafi daban. Ba ina cewa waɗannan abubuwa gaskiya ne ba, tsafi dai gaskiyar mai shi. Abin lura shi ne, al'ummar da ta haifi marubutanmu ba ta taɓa sanin tsafi marar iyaka ba. Karin maganar nan ta gaba da gabanta, aljani ya taka wuta, ai shaida ce.

Dare Dubu da Ɗaya, wanda Frank Edgar ya fitar da fassararsa ta Hausa a 1924, shi ma haka. Ƙasimu ɗan'uwan Ali Baba ya halaka a kogo ne don ya manta kalma ɗaya, ya yi ta kiran sunayen wasu hatsi ƙofa ta ƙi buɗewa. Ifiritun da masunci ya tsamo daga teku, duk girmansa, da aka yi masa wayo ya koma cikin tulu aka mayar da murfi mai hatimin Annabi Sulaimanu, shi ke nan ya zama abin tausayi.

3. Abin da aka buga a nan Zariya

Mu mutanen Tudun Wada ba mu da uzurin jahiltar wannan, domin a ƙofar gidanmu aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubutu, wadda ta fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Daga baya kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, hukumar adabi ta NORLA ta biyo baya, kamfanin buga littattafai na NNPC ya zo a 1966, duk a garin nan. In ka jera littattafan ka duba yadda kowanne ya riƙe abin al'ajabi, za ka ga dalilin da ya sa wasu suka fi wasu zama a zuciya.

Ruwan Bagaja littafi ne na neman ruwan da ke hannun aljanu, amma ka ƙirga shafukan da aljanu suka fito, kaɗan ne. Mafi yawan littafin wayo ne tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Abin da kowa ke tunawa shi ne ranar da suka yi gasar malanta a gaban jahilan ƙauye, Alhaji ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa, Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, Alhaji ya ce tsayuwar wata ce, jama'a suka ba marar ilimi gaskiya. Babu laya a nan, babu zobe. Imam ya bar aljanu can ƙarshe, bayan gwarzonsa ya sha ɗauri da duka da yunwa na shekaru, ta yadda lokacin da taimakonsu ya zo mai karatu zai ji an biya kuɗinsa.

A Magana Jari Ce, wanda ya zauna a Zariya ya rubuta a 1936, ya ma fi nuna gwaninta. Abin al'ajabin da ya riƙe littafi na ɗaya aku ne mai magana da hikima. To amma me akun nan yake iyawa? Ba ya rikiɗa, ba ya kiran rundunar aljanu, ba ya iya rufe ƙofa. An bar masa amanar Musa ɗan sarki, maƙiya na jiran yaron a waje, kuma abin da ya mallaka duka harshe ne. Dole kowane dare ya samo labarin da zai zaunar da Musa har gari ya waye. Da Imam ya ba akun nan ikon sa mutum barci da ƙiftawar ido, da ba mu samu ko labari ɗaya ba. Rashin ƙarfin akun shi ya haifi littafin.

Jiki Magayi kuwa shi ne ya fi nuna farashi. Abubakar, wanda mai kuɗi ya ƙwace masa Zainabu, ya bazama neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa. Ya samu, asiri ya ci, ɗan, Kyauta, ya tashi ɓarawo har ƙaddara ta sa ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Amma shi Abubakar ɗin ya salwantar da ƙuruciyarsa da lafiyarsa a wajen neman, bai mori komai ba. John Tafida mutumin Wusasa ne, can bayan ganuwa, kuma ya rubuta asiri yadda mutanen ƙasar nan suka san shi: abin da ake saye da tsada, ya ci wanda aka yi wa, ya dawo ya ci mai yi.

Sai Ganɗoki. Ina girmama littafin nan, kuma rabinsa na farko, inda ake gwabzawa da sojan Turawa a zamanin zuwansu, yana da zafin da ba a mantawa, domin mun san bindiga na kisa, mun san kuma yadda yaƙin ya ƙare. Amma da Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas suka shiga ƙasashen aljanu, sai abin ya zama sara da suka marar ƙarewa, yau a ci wannan gobe a ci wancan. Kirarin na da daɗi, amma gaba ba ya faɗuwa. A ganina yawancin littattafan yaƙin da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1990 jikokin wannan rabi na biyu ne, ba na farkon ba.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951 kuma asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne, ya fi shi dabara ta wannan fuska. Ranar da aka warkar da Iliya daga gurguntaka aka ba shi ƙarfi, a ranar aka ja masa kunne cewa akwai waɗanda ba zai kara da su ba. Shi ya sa da ya gamu da Wargaji, ɗaya daga cikinsu, mai karatu ya riga ya san yau an zo wurin da ƙarfi ba ya aiki.

4. Amma sharaɗi ba kimiyya ba ne

Yanzu ga kuskuren ɗalibi na biyu, wanda ya fi na farkon zurfi. Gaskiya ne akwai marubutan Turawa da suke gina tsafinsu kamar injin. Fitaccensu a yau shi ne Brandon Sanderson na Amurka. A littafinsa Mistborn na 2006, masu baiwa haɗiyar garin ƙarfe suke yi su ƙona shi a ciki, kowane irin ƙarfe da aikinsa: wani na tura ƙarafa, wani na janyo su. In abin da ka tura ya fi ka nauyi, kai ne za ka yi baya, daidai da dokar Newton da ake koyarwa a sakandare. In ƙarfen cikinka ya ƙare, ka koma mutum kamar kowa. A 2007 ya rubuta wata maƙala inda ya ce gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci tsafin labari, gwargwadon yadda marubuci ke da izinin warware matsala da shi. Wannan magana ce mai kyau, kuma ita ce dai tela ya faɗa da tsaki.

Sai dai ko a nan, kama da kimiyya aka yi, ba kimiyya ba ce. Babu ɗakin gwaji a Samaru ko a ko'ina da za a haɗiyi ƙarfe a tashi sama. Dokar kimiyya ta ce makamashi ba ya samuwa daga babu; duk labarin da aljani ya ɗauke fada ya kai wata ƙasa cikin dare ɗaya ya riga ya taka wannan doka, ko da marubuci ya cika shafi goma da bayani. In aka ce sai tsafi ya bi kimiyya, to an ce kada a rubuta shi ke nan.

Akwai wani mutumin ƙasar nan da tarihinsa ke raba mana wannan gardama. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi malami ne daga Katsina, ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ya yi rubutu a kan ilimin hatimi da taurari, kuma masana lissafi har yau suna ambatonsa saboda hanyoyin da ya bayyana na cika hatimi mai gidaje mara. Gwada mafi ƙanƙanta da kanka: gida tara, uku sau uku, ka zuba 1 zuwa 9, ka sa 5 a tsakiya. In ka jera daidai, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 zai ba ka. Mai gida ashirin da biyar kuma 65. Wannan ɓangare kimiyya ne tsantsa: Musulmi ya yi 15 zai samu, arne ya yi 15 zai samu, mai alwala da marar alwala duk ɗaya. Amma da'awar cewa in an rubuta shi a sa'a kaza aka rataya zai kawo farin jini, wannan wani fage ne daban, kuma a nan ne ake shigo da niyya da tsarki da izinin malami.

Bambancin ke nan. Dokar kimiyya ba ruwanta da halinka. Wuta na ƙona mai ladabi da marar ladabi. Dokar tatsuniya kuwa kusan kullum a kan hali take tafiya: cika alƙawari, riƙe sirri, gaida na gaba, ƙin haɗama. Ƙwan 'yar bora da na 'yar mowa ba a sinadari suka bambanta ba. Wanda ya dage sai ya mayar da wannan lissafi, ya auna ƙarfin kowane aljani da lamba kamar wasan kwamfuta, zai samu tsari amma zai rasa abin da ya sa ake sauke murya in an zo ambaton mutanen ɓoye. Na karanta irin waɗannan, suna da tsabta, amma ba sa sa tsigar jiki tashi.

Tolkien na Ingila, wanda littafinsa The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, bai taɓa bayyana iyakar ƙarfin tsohon matsafinsa Gandalf ba, kuma ba a ce ya yi ha'inci ba. Dalili shi ne bai bar tsohon ya warware babbar matsalar ba. Abin da labarin ya rataya a kai, wato zoben, dokarsa a fili take: yana lalata zuciyar mai riƙe da shi, ba ya kuma halaka sai a wutar dutsen da aka ƙera shi. Wani ɗan ƙaramin taliki ne ya kai shi can da ƙafa. Duk da haka, masu karatunsa sun shekara da shekaru suna tambayar me ya hana manyan gaggafan labarin su ɗauki zoben su kai tun farko. Ashe tsakin tela ba na Tudun Wada ba ne kaɗai.

Inda ɗalibi ke da haƙƙin neman lissafi shi ne labarin da ya yi da'awar kimiyya da bakinsa. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da mutum ya taka wata, inda aka ɗauki yaro Kilba aka yi sama da shi. Wanda zai bi wannan sawu a yau, ya sa kumbo da taurari, to a tambaye shi iska da nisa da abinci. Mai aljani kuwa a tambaye shi alƙawarinsa kawai.

5. Maganar addu'a

Akwai wurin da ake jin nauyin taɓawa, amma sai an taɓa. Da yawan littattafan yaƙi da finafinanmu hanya ɗaya suke ƙarewa: boka ya gagari kowa, sai gwarzo Musulmi ya ɗaga hannu ya yi addu'a, tsafi ya rushe, kowa ya musulunta. In ka yi ƙorafi a ce kana ja da ƙarfin addu'a.

Ba na ja. Ta fuskar aƙida ma, Alƙur'ani ne ya fi kowa sanya wa sihiri iyaka. Ya nuna igiyoyi da sandunan matsafan Fir'auna rufa ido ne. Ya nuna masu sihiri ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah. A Suratu Saba'i an ba da labarin aljanun da suka ci gaba da wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa. Wato aljani bai san gaibu ba. Saboda haka marubucin da ya ba bokansa ƙwaryar ruwa mai nuna komai na duniya, jiya da yau da gobe, shi ne ya wuce gona da iri, ba mai ƙorafi ba. Abin dariyar ma, bokan nan mai ganin komai ba ya taɓa ganin gwarzon da ke tahowa ta bayan bukkarsa.

Ƙorafina a kan lalaci ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi kowa addu'a, amma ya sa sulke biyu ranar Uhudu, ya haƙa rami ranar Handaƙu da shawarar Salmanul Farisi, ya ɗauki ɗan jagora ranar hijira. Gwarzon da ya kwana arba'in ba a nuna shi yana salla ba, ba shiri ba dabara, sai a shafi na ƙarshe a tuna masa da addu'a don marubuci ya rasa mafita, wannan ba girmama addini ba ne. In imani ne makamin gwarzo, a nuna mana shi tun farko yana ɗawainiya da shi, a nuna abin da ya rasa saboda shi, a nuna ranar da aka yi masa tayin laya ya ƙi karɓa alhali yana cikin tsananin bukata. Sannan ranar da addu'arsa ta karya boka, ba mai yin tsaki.

6. Laifin kasuwa

Ba na ɗora wa marubuta laifin duka. Imam ya samu wata shida a zaune, da edita a kusa da shi mai bin rubutu layi layi. Marubucin yau babi yake saki kowane dare a waya, masu karatu sun biya kuɗin shiga zaure suna jira, in ya yi jinkirin kwana biyu a fara zaginsa. Wanda ya saki babi na uku wata biyu da suka wuce ba shi da halin komawa ya dasa abin da babi na talatin ke bukata. A zamanin bugu ma haka abin yake, lokacin da 'yan kasuwar littafi a Kano suka fi son labari mai kashi ɗaya zuwa huɗu ko fiye, domin kowane kashi ciniki ne. Labarin da ake ja don kada ya ƙare dole kowane sabon boka ya fi na baya, kowane sabon takobi ya fi na baya, har a kai inda lambobi suka daina ma'ana: aljani mai kai dubu, sai mai kai dubu saba'in.

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba, kuma ba ya bukatar digiri. Kafin a saki babi na ɗaya, marubuci ya samu takarda ya rubuta wa kansa abin da tsafin labarinsa ba zai taɓa iyawa ba, da abin da yake ci a jikin mai shi, ya manna a bango inda zai riƙa gani. Masu karanta littattafan nan a YouTube da gidajen rediyo su ma suna da ta cewa, tunda su ne editocin da suka rage: suna iya mayar wa marubuci da rubutu su ce a gyara kafin su ɗauki murya. Jiki Magayi ɗan siririn littafi ne da ake karancewa a zama ɗaya, asiri guda ne tak a tsakiyarsa, kuma shekara casa'in ke nan ana buga shi ana sayarwa.